Ranar da Na Wanke Tandar Iya

Shekarar da aka ƙara mana hijabi a kan yunifom, bayan an fara shari'a, ina aji huɗu a firamaren unguwarmu a Daura. Malaminmu ya fito da sabon tsari: kowa ya taimaki wani tsoho cikin mako, ran Juma'a a kira wanda ya fi ƙoƙari gaban ɗalibai a tafa masa. Ni kuwa Allah ya zuba min son a sani. Na rantse sai an tafa min.

Na zaɓi Iya, tsohuwar da ke suyar waina a ƙofar makaranta, wadda da wainar nan take ci. Ran Laraba da la'asar na shiga gidanta, na tarar ta tafi barka. Sai ga tandarta a jingine, baƙa ƙirin, duk maiƙo. Na ce, "Kai, ƙazanta!" Na samo yashi da toka da sabulu, na durƙusa na yi ta dirza har jan ƙasar ya fito. Na koma gida ina tafiya da ƙyar don taƙama.

Ashe baƙin nan shi ne tandar. Man shekara da shekaru ne ya ratsa ta, shi ke hana waina kamawa. Washegari duk wadda Iya ta zuba sai ta maƙale ta dagargaje. Yara suna ta tsokana, "Iya, yau fate kika yi mana?" Ita dai tana ta kankarewa da cokali. Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Da na faɗa wa Innata ba ta dake ni ba, ni da dukan ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zari mayafi ta tasa ni gaba har wajen malam.

"Malam, kun ce su taimaka. Kun ce su fara tambaya?"

Malam ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Hajiya, ban ce ba."

"To ku ƙara da wannan. Ita kuma ku bar min ita."

Kullum aka tashi makaranta sai ta ba ni man gyaɗa a kwalba da kwanon tuwon Iya, ta kora ni. In shafa wa tanda mai, in ɗora a wuta, in sauke, in sake shafawa, hayaƙi na cin idona ina ƙunƙuni. Sai a kwana na tara waina ta yarda ta juyu lafiya. Iya ta tsamo ta farko ta miƙo min, da zafinta.

Ina hurawa na ce, "Iya, da na tambaye ki, me za ki ce in yi miki?"

Ta yi dariya har tana tari. "'Yar nan, da zare kawai za ki sa min a allura. Tun damina zanina ya yage, ido ya ƙi."

Na dubi zanin, ga yaga nan tun daga gwiwa, ta ɗaure ta da ƙulli biyu. Kowace safiya a gabanta nake tsugunawa in ci waina, ban taɓa gani ba.