Wankan Ɗalhatu a Kyushu

Ɗalhatu mutumin Maraɗi ne, amma a Dubai ya yi tumbi. Tsofaffin injinan mota yake saye daga Japan, ya tura wa 'yan kasuwar gida. Da yamma yakan baro gidansa na International City ya zo shan shayi a unguwar Naif, inda ba mai iya yin magana biyu bai gyara masa ɗaya ba. Shi ya san komai, har yadda ake soya ƙosai.

Duk arzikinsa a hannun wani tsoho ɗan Japan yake, Okuda, wanda ke ware masa injina masu rai. Da tsohon ya gayyace shi tsibirin Kyushu don su sabunta hulɗa, sai da duk Naif ta ji. Fahad, maƙwabcinsa a sana'a, ya ce, "Alhaji, ka ɗan tambayi al'adarsu kafin ka tafi, ko wanka ma da dokarsa a can."

"Habibi, wanka za a koya mini? Khalas, magana ta ƙare!"

Masaukin gargajiya Okuda ya kai shi, na katako, a gefen dutse. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa, ya yi tsaki, wai ko a ƙauyensu an daina wannan. Sannan aka nuna masa tafkin ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A can, sai mutum ya wanke jikinsa tas a gefe, ya shiga ruwan tsirara, ya zauna shiru. Ɗalhatu ya ga dattawa zindir, ya yi salati. Tsiraici kam ba zai yi ba, kuma a nan ba mai ganin laifinsa. Laifinsa shi ne da ya koma ɗaki ya dawo da dogon wando, da soso, da sabulun salo.

Ya faɗa tafkin ya hau dirza har bayan kunne. Kumfa ta rufe ruwan. Dattawan suka fice ɗaya bayan ɗaya, kowa na rusunawa.

Har yau labarin da yake bayarwa ke nan a Naif: "Wallahi rusuna mini suke yi! Tafkin gaba ɗaya suka bar mini."

Injinan dai yanzu Fahad ake aiko wa. Ɗalhatu ya ce hassada ce, ya ce asiri ne, ya ce Japanawa ba su da amana.

Abin da ba ya faɗa shi ne safiyar da zai taho. Ya leƙa ya ga an tsiyaye tafkin kaf. Tsohuwar da ke da masaukin tana durƙushe tana goge duwatsun, kusa da ita kuma Okuda ne, da furfurarsa, ya naɗe ƙafar wando yana taya ta. Kunya ta kama Ɗalhatu har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya san ya kamata ya durƙusa shi ma. Sai ya gyara hularsa, ya ja jakarsa ya wuce.