Faifan Baba Sanda Ba Na 'Yan Gwangwan Ba Ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan na zo buɗe shagon ɗinkina a Kpakungu, na tarar da shagon da ke jikin nawa a kulle, mutane tsaye a ƙofa. Mai shagon, Baba Sanda mai ɗaukar murya, ya rasu bayan sallar asuba.

Mun kai shi makwancinsa. Na dawo ina hawaye, kuma wallahi ina jin haushinsa. Allah ya yafe mini.

Duk wanda ya yi biki ko suna a unguwar nan ya san shi da 'yar rikodarsa mai cin ƙaramin faifan nan, minidis. Kowa ya koma waya, shi ya ƙi. Batirinta ya mutu tuntuni, ya ɗaura mata wani a gefe da roba.

In ya gama ɗauka sai ya ɗaga hannu: "Kar kowa ya motsa, tana rubutu!" Wai in aka girgiza ta kafin ta gama adanawa, komai ya tafi. Na taɓa ganin ya tsayar da liman ƙafa ɗaya cikin takalmi.

Mutumin kirki ne. Kunun safensa rabi nawa ne kullum.

Amma taurin kai! Akwatinsa cike da faifai, ko ɗaya ba suna a jiki.

"Baba, ka rubuta sunaye mana."

"Kai Habu, ɗinki aka ce ka iya. Ni na san 'ya'yana da fuska."

"To mu juye su a waya."

"Wayar da ke faɗawa masai?"

Haka muka yi shekaru.

A cikin akwatin nan akwai muryar mahaifiyata, ranar bikin yayata, tana yi wa amarya nasiha tana dariya. Inna ta rasu ba mu da muryarta a ko'ina sai nan.

Shekaranjiya ne ganina da shi na ƙarshe. Na sake yi masa magana, ya ce, "Na Innarka shuɗi ne, da tabon mai a gefe. Juma'a ka zo mu ji."

Yau bayan jana'iza ƙanensa Alhaji Tanimu ya buɗe shagon, na leƙa akwatin. Fiye da rabi shuɗi ne. Kuma Baba da ƙosai a hannu yake aiki, ba wanda ba tabon mai.

Haba Baba Sanda!

Alhaji ya ce bayan addu'ar uku zai kira 'yan gwangwan su kwashe. "Wa ke jin wannan tarkacen yanzu?"

Na ce, "Alhaji, muryar mahaifiyata na ciki."

"To ɗauki naka."

"Wanne ne nawa?"

Ya mayar da murfin akwatin ya rufe.

Ni ba gado nake nema ba. A ba ni aron akwatin da rikodar, zan ajiye keken ɗinki in saurare su ɗaya bayan ɗaya, ko zan yi wata nawa. Duk wanda Baba ya taɓa ɗaukar iyayensa, daga nan har Chanchaga, ya zo ya gane muryar nasa ya tafi da ita. Don Allah wanda rikodar ta shiga hannunsa kafin nan, kar ya danna jan madannin ɗauka, zai iya goge muryar wani.

Allah ya jiƙan Baba Sanda, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Innata.

Alhaji, na san za a nuna maka wannan, ka yi haƙuri. Yayanka ya faɗa da bakinsa cewa in ya mutu kowane faifai na iyalan mai muryar ne. Ba ni kaɗai na ji ba. Dije mai nono na zaune a dakali da ƙwaryarta, Malam Yakubu mai faci na tsaye da taya a hannu. Duk suna raye, ka tambaye su.