Da Yunwa Ta Tafi

Jiya a Kafur na karanta wa kakata labarin fim ɗin da nake rubutawa, kan harin da aka kai ƙauyensu tun kafin zuwan Turawa.

Da na gama, ta ce, "Ɗan nan, ka cika shi da dawakai da takubba, ka manta da tuwo."

Na ce, "Wane tuwo, Kaka?"

Ta ce, "Kakata tana tsakiyar tuƙa tuwo mahara suka ɗauke 'yarta. Har ta rasu maganarta ɗaya ce: yarinyar nan da yunwa ta tafi."

Yau na koma farkon rubutun.

Masu koyon rubutu, ku zauna da tsofaffinku tun suna raye. Ku me naku suka faɗa muku?