Yaya Rumasa'u da Garejin da Muke Rufewa

Ranar Asabar, 8 ga Maris, 2025, wadda ta yi daidai da takwas ga watan Ramadan, Allah Ya karɓi ran Hajiya Rumasa'u Ladan a gidanta da ke Germantown ta ƙasar Amurka, gab da shan ruwa. Ta rasu tana zaune a gaban tanda, da azumi a bakinta, tana toya wainar da za a kai masallaci. Ta bar mijinta, Injiniya Munzali, da 'yarta Zahra. Ta kuma bar mu, matan da ta tarba ɗaya bayan ɗaya a wannan ƙasa. Wanda Ya ba mu ita Shi Ya karɓe ta, kuma hanyar da ta bi ita ce tamu. Amma zan faɗi gaskiya tun daga farko: da tsoro nake rubuta wannan ta'aziyya, tsoron har ya fi kukan yawa.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, ko unguwa ba mu haɗa ba a Kano. Na san ki ne a shekarar da na sauka Beltsville da ƙaramin ciki, ban san kowa ba, komai na sa a baki sai ya dawo. Wani ya gaya wa wani, maganar ta kai kunnenki. Sai ga wata mata doguwa a bakin ƙofata, riƙe da kula, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Ke ce mai laulayin? Matsa in wuce." Tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Kika zauna kika tsare ni har na cinye, kika wanke kwanon, kika tafi ba ki ma gaya mini sunanki ba. Sai daga baya na tambaya.

Haka kika yi wa kowa. Babu sunan da aka raɗa tsakanin Beltsville da Gaithersburg ba da hannunki a abincin ba. Lokacin da mahaifin Lizzy Katung ya rasu a Kafanchan, Lizzy ma'aikaciyar jinyar nan maƙwabciyarki, ke kika ciyar da mutanen cocinsu da suka cika mata gida. Da wata ta yi miki shaguɓe a kan haka, kika ce yunwa ba ta tambayar mutum inda yake ibada, kika ci gaba da kwashe shinkafarki. Da rana kina wurin aikinki na renon yara, kina canza wa 'ya'yan Turawa kaya, kina koya musu cewa "sannu". Da Asabar kuwa garejinki ne gidanmu.

Wanda bai san zamanmu a nan ba zai yi mamakin jin gareji. Murhun kicin ɗin Amurka bai san tukunyar biki ba. Ba ya ɗaukar babbar tanda, kuma kana fara suya ƙararrawar hayaƙi za ta tashi ta tara maka jama'a. Don haka kowace mai girkin taro a cikinmu ta sayi babban murhun ƙarfe mai ƙafafu, irin wanda Turawa ke dafa abinci da shi a fili, da farar tukunyar gas, wanda a nan ake kira furofen. An yi shi ne don waje, kuma haka aka rubuta a jikinsa. Amma waje a nan ba tsakar gida ba ne. Babu katanga, babu zaure. Duk namijin da ya fito yawo da karensa zai gan ki zaune a kan kujera 'yar tsuguno, kin ajiye mayafi, kin naɗe hannun riga. Maƙwabta kuma sun taɓa kai ƙorafin warin mai. Ga iska mai kaɗa wuta, ga sanyi mai cin yatsu. Sai muka shige gareji muka sauke ƙofa, muka ce mun sami tsakar gida. Ba mu lura cewa tsakar gidan da muka baro ba ta da rufi ba.

A nan kika koya mini juya waina, ko in ce kika yi ƙoƙari. Kika ce tawa kullum sai ta fito kamar taswirar Najeriya, har da Neja da Binuwai a tsakiya. Muna dariya, muna gulma, muna fita da nauyin kai mu ce gajiya ce.

Kuma kada wani ya ce ke mai sakaci ce. Wallahi ban ga wanda ya kai ki tsoron gas ba. Duk lokacin da aka canza tukunya sai kin kaɗa ruwan sabulu kin shafa a bakin tiyo, kin zuba ido ki ga ko zai yi kumfa. Ba kya yarda a kwantar da tukunyar a bayan mota, sai a tsaye. Ba ta kwana a cikin gida. Kafin ki kunna ashana sai kin sunkuya kin shinshina ƙasa, don kin ce gas ɗin nan nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, kuma warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Hancinki kika riƙe makami, mu ma muka riƙe shi tare da ke. Duk a zatonmu abin da zai kashe mutum dole ya yi wari.

Ranar da abin ya faru an tashi da iska mai sanyi. Tayyiba ce ke taya ki, ƙanwar nan tamu ta Gaithersburg da kika ɗauka kamar 'yar cikinki. Ita ta ba ni labari. Kun sauke ƙofa, kun toshe ƙasanta da tsohon bargo saboda iskar da ke shigowa tana karkatar da wuta. Murhu biyu ke ci, ɗaya na waina, ɗaya na miya. Bayan la'asar kan Tayyiba ya fara sarawa, zuciyarta na tashi, ƙafafunta sun yi sanyi. Ta gaya miki. Kika dube ta kika yi dariya.

"Raguwa! Azumi takwas har ya kayar da ke? Ni ma kaina yana ciwo, ai kin ga ban mutu ba. Tashi ki tafi gida ki kwanta, saura kaɗan na gama."

Ta tafi. Korar da kika yi mata ita ce alheri na ƙarshe da kika yi a duniya, ke kanki ba ki sani ba.

Da Injiniya ya dawo ɗaukar kuloli zuwa masallaci, ya buɗe ƙofar da ke tsakanin kicin da gareji, ya gan ki kin jingina da bango, ludayi a cinyarki, wainar ta ƙone ƙurmus a tanda, wuta na ci. Ya ɗauka barci ne ya sace ki. Ya ce har ya buɗe baki zai tsokane ki. Kafin ya ja ki zuwa waje shi ma jiri ya kusa kayar da shi. 'Yan kwana-kwana da suka zo ba su yarda kowa ya koma cikin gidan ba sai da suka buɗe kowace taga.

Lizzy ce ta yi mana bayani, tana kuka, a wurin zaman makoki. Ta ce gas bai zuba ba, tiyo lafiya lau, tukunya lafiya lau. Wutar ce da kanta. Idan tana ci a rufaffen wuri, iskar ɗakin ta yi ƙaranci, sai ta riƙa fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Sai ciwon kai, da jiri, da kasala, da jin barci. Waɗannan huɗun ta faɗa. Kowace mace a wurin ta san su. Su ne abin da mai azumi ke ji kullum tsakanin la'asar da magariba, kuma tun muna yara aka koya mana mu daure musu, har muna yi wa mai ƙorafi dariya.

Wannan ne ya hana ni sukuni, Yaya. Da wuta ce ta tashi, da mun gudu. Da wari ne, da kin ji. Amma abin ya zo da kamannin ibada, kika yi masa haƙuri.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Duk wanda ya shigo gaisuwa cewa yake kin dace. Watan azumi, da azumi a baki, ana hidimar masu azumi, wa zai ƙi irin wannan cikawa? Na yarda, kuma ina roƙon Allah Ya tabbatar miki da hakan. Amma na ga yadda maganar ke kwantar mana da hankali fiye da kima. Muna faɗarta, muna share hawaye, sai a juya a fara tambayar wa zai ɗauki girkin Asabar mai zuwa. Kafin a watse mata sun raba kwanakinki a tsakaninsu. Tayyiba ta roƙi Injiniya ya ba ta tandarki da murhunki. Ta ce muddin tana numfashi ba za a ce wainar Yaya ta yanke a masallaci ba. Kowa ya sa mata albarka.

Na kira ta na yi mata magana. Ta ce in kwantar da hankalina, za ta bar 'yar kafa a ƙasan ƙofa, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Na ce haka ne, amma Wanda Ya rubuta ajali Shi Ya ba mu hankalin kiyayewa. Ta ce to. Na san irin wannan "to" ɗin, ni ma ina yin sa.

Ranar girkinta na kasa zama. Na ɗauki mota na hau babbar hanya, cunkoso ya riƙe ni, ina kiran wayarta ba ta ɗauka. Da na isa na tarar da ƙofar garejin a sauke, 'yar kafar da ta ce ko tafin hannu ba ta kai ba, ƙamshin waina na fitowa ta ciki. Na buga. Shiru. Na sake bugawa da hannu biyu ina kiran sunanta, har wata Baturiya ta leƙo ta taga. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Abin da na sani shi ne fuskarki kawai nake gani a jikin wancan bangon.

Sai ƙofar ta fara ɗagawa. Ga Tayyiba tsaye, da ludayin ƙullu a hannu, tana lumshe ido.

"Anti, lafiya? Karatu na sa a kunne, ban ji ba."

"Kanki yana ciwo?"

"Kaɗan. Ai azu..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi murhun, ta dube ni, ludayin ya faɗi daga hannunta.

Muka kashe gas daga kan tukunya, na fito da ita iska, na kira Lizzy. Ta ce maza a kai ta asibiti a duba jininta, kada mu ce ai ta warware. Aka duba, aka sa mata iskar numfashi, aka sallame ta. Ranar babu waina a masallaci, dabino da shayi aka sha, kuma babu wanda ya mutu don haka. Washegari mijinta ya fitar da murhun bayan gida, nesa da taga, ya kafa mata labule a kan igiya saboda idon mutane, ya kuma sayo ƙararrawar da ke jin wannan guba ya liƙa a kusa da ɗakunan barci. Yanzu a waje take suya, cikin rigar sanyi da hijabi, iska na wasa da wuta, tana mita.

Ita ɗaya ke nan. Amma murhu irin naki na nan a gidaje da yawa, daga Germantown har Beltsville, kuma azumi bai ƙare ba, sanyi bai tafi ba. Bayansa ga tuwon Sallah, ga sadakar arba'in ɗinki, wadda na san za a so a yi mata girki na gani na faɗa saboda ke ce. Ba zan iya tsayawa a bakin kowace ƙofa ba. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana mata, da girman Allah: ku fitar da murhun nan waje. Ɗaga ƙofar gareji kaɗan ba ya isa. Gara maƙwabci ya gan ki ba mayafi mai kyau, gara waina ta huce, gara a ce kin makara. Idan kuma kina kusa da wuta kika ji kanki ya sara, kada ki ce azumi ne. Kashe, ki fita, ki fitar da wadda ke tare da ke, a nemi taimako. Ku mazajenmu, da kuke zuwa ɗaukar kula idan an gama, ku riƙa zuwa tun kafin a fara.

Injiniya Munzali, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya goge maka abin da idonka ya gani. Zahra, 'yata, kin tambaye ni da Turanci ko mamanki ta ji zafi, na ce miki a'a, kuma haka likitoci suka ce. Allah Ya raya ki, Ya sa ki gaji hannunta da zuciyarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Ladan na Kano, waɗanda ba su sami ganin fuskarta ba, da Lizzy da iyalinta, da Tayyiba, da duk wanda ya taɓa cin abincin hannunta.

Yaya Rumasa'u, Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya karɓi azumin da ba ki sha ruwansa a nan ba, Ya shayar da ke a inda babu ƙishirwa. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma da muka rage, ya Allah, yau ma la'asar ta yi, kuma a wani gida wata ta kunna wuta saboda bayinKa. Ka kai ta magariba, Ka sa ta sha ruwa da 'ya'yanta.