Matar da Ke Zaɓen Kibiya

Tun da matar nan ta tsuguna a rumfarsa a kasuwar Kontagora, Bashiru mai kayan harbi ya kasa ɗauke ido daga kanta. Mata ba sa sayen kibiya. Wannan kuwa siririya ce, hannu duk kanta, Hausarta irin ta mutanen Rijau, ga bakan namiji naɗe cikin tsohon zane.

Tana ɗaukar kibiyoyin ɗaya-ɗaya, ta lanƙwasa kyauron, ta saki. Mai laushi ta ture shi gefe, don baka mai ƙarfi karkatar da shi yake yi. Mai tauri ta ɗora bisa yatsa tana auna nauyin ƙarfen. Wa ya koya mata? Masu harbin zabi marasa nauyi suke nema. Irin waɗannan sai babban nama, shi kuwa ya daɗe da ƙarewa a dajinsu.

"Baiwar Allah, maigida ne ya aiko ki?"

Ta kwance bakan daga zanen, ta ja tsarkiya har kunne.

"Malam, da 'yan bindiga sun bar min shi da rai, ai shi za ka gani."