Naman Gwangwani da Kurwar Talatu

Babbar wautar da na tafka a kakar audugar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ita ce sayen naman gwangwani. Na kai kalen audugata Funtuwa na sayar, ga tsire yana ta ƙamshi a bakin tasha, amma na ɗauke kai na shiga kanti, don na ga akawun da ke auna auduga, mai agogo da farin wando, a gwangwani yake cin nama. Tsire na 'yan ƙauye ne. Ni kuwa a raina na gama zama akawu, agogon kawai ya rage.

A bayan rumbunmu na fasa shi da lauje na cinye tas, ko da yake gishirin ya kusa tsinke mini harshe. Sai ga abokina Ɗanjuma. Ya jujjuya gwangwanin ya ce, "Na madara, saniya ce a jiki. Na kifi, kifi. To wannan fa?" Na duba, wani ƙaton Bature ne mai gashin baki da farar hula, yana murmushi. "Ka ci mutum, Audu. Daga yau kai maye ne."

Na shiga gida ban yarda na haɗa ido da kowa ba, har akuya nake kauce wa. Washegari ƙanwata Talatu, wadda ake goyo, ta tashi da zazzaɓi, na tabbata kurwarta na kama. Na san jifan da ake yi wa maye a ƙauyenmu, na kuma san maganin: ya tuɓe ya tsallake marar lafiyar. Da Inna ta fita shanya, na cire wando na yi ta tsallake Talatu, ina kuka ina cewa na sake ta. A haka Inna ta same ni. Ta yi salati, ta toshe mini baki da tafin hannu kada maƙwabta su ji.

Yau jikokina ba sa kallon abincin da ba a leda ko gwangwani yake ba, kuma ba ni da bakin yi musu faɗa. A wancan karon dai, malamin makarantarmu ne ya karanta wa Baba rubutun jikin gwangwanin: naman sa ne, Baturen kuku ne. Gwangwanin ya zama fitilar Inna. Talatu kuwa haƙori take fitarwa.