Wanda Ya Je Makaranta da Sunana

Damina arba'in ke nan ta sauka a kan kabarin mutumin da ƙasar Kiru ta sani da Malam Haruna Sallau. Ni da nake wannan rubutu, ni ma Haruna Sallau ne. Ba kuskuren masu buga jarida ba ne. Suna ɗaya muka raba mu biyu: ni an raɗa mini shi ranar suna, shi kuwa ɗora masa aka yi yana ɗan shekara takwas, ba wanda ya tambaye shi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce bana zan faɗa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. To, yanzu gwiwa ta fara ƙin tashi, ido ya fara hazo. In ban faɗa bana ba, ban san wanda zai faɗa ba.

Mahaifina, Sallau, shi ne mai unguwar ƙauyenmu, can gefen Ba'awa. A zamanin ba kai yaro makarantar boko ake yi ba, kama shi ake yi. Saƙo ya zo daga hakimi cewa kowane mai unguwa ya ba da ɗan cikinsa, don talakawa su gani su saki jiki. Ranar da dogarai suka zo, da hantsi, mahaifina ya ɗaga ni ya zura cikin rumbun dawa, ya rufe bakin. Daga ciki ina jin komai. Na ji an kira Tanko, ɗan Nomau, baran da ke noma mana gandu. Na ji an ce a sa masa rigata ta sallah. Na ji muryar mahaifina, ba ko gargada, yana cewa, "Ga Haruna nan, Allah ya ba da sa'a." Tanko bai yi kuka ba. Nomau ne na ji yana ta "to, to, to", kamar wanda ake karanta wa hukunci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ƙaiƙayi yana cin jikina, ina murna ba da ni aka tafi ba.

Tanko ya yi elemantare, ya wuce makarantar midil a Kano, ya koyi aikin malanta. Yana can Nomau ya rasu, ba a ma aika masa ba sai bayan sadakar bakwai. Uwarsa dama ta riga mu gidan gaskiya. Da ya dawo aka ba shi aji a makarantar da aka fara kai shi, duk takardunsa suna cewa Haruna Sallau. Mutanen gari, da ba sa rasa mafita, suka raba mu: shi Harunan boko, ni Harunan gida. A hannunsa na koyi karatu, a ajin manya na yaƙi da jahilci da yake yi bayan la'asar a gindin tsamiya. Ranar da na fara rubuta sunana, na karkata harafin farko, ya karɓi allon ya gyara yana dariya. "Kawo, Na-gida," in ji shi. "Na fi ka sanin sunan nan, na daɗe ina rubuta shi." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ban gane ba wasa yake yi ba.

Sai da matarsa ta sami ciki maganar ta fito fili. Ya ce shi ya haƙura da nasa, amma ɗansa ba zai tashi yana jingina kansa ga kakan da ba nasa ba, alhali Nomau yana kwance ba mai ambatonsa. Ya nemi a gyara takardu, aka ce sai wani daga gidan Sallau ya shaida a gaban hakimi. Mahaifina ya ce atafau. Shaidar nan, a ganinsa, amsa laifi ce cewa ya yaudari hukuma, kuma rawaninsa na iya tafiya. Sai Malam ya same ni a gona ina huɗa. Ya ce ranar bikin makaranta hakimi zai zo, kuma ya shirya wani wasa. "In ka ji na kira sunana na asali," in ji shi, "ka miƙe kawai ka ce ka san mai shi. Iyakar abin ke nan." Na ce in sha Allahu. Wallahi a lokacin da gaske nake.

Shekara uku ko huɗu ke nan kafin Turawa su tafi. Mun saba da wasan makaranta: yara su yi gemun auduga, wani ya yi tsohon da ya ƙi asibiti, a yi dariya a watse. Ran nan ba gemu, ba labule, ba abin da aka haddace. Malam ya zaunar da mu iyaye da dattawa a kan bencinan yara, gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa, yaran kuma suka tsaya a bayanmu. Hakimi kaɗai aka bar wa kujerarsa. A tsakiyar fili akwai ɗan rumbu da ɗalibai suka gina da laka, an rufe bakinsa. Da na gan shi na kawar da kai.

Malam ya fito da tsohuwar rajistar makaranta, tun ta shekarar da aka buɗe ta, ya fara kiran suna. In ya kira, sai ya ɗaga kai ya tambaye mu, "Ina yake yanzu?" Da fari aka yi tsit, mutane suna jira wasa ya fara. Ashe shi ne wasan. Wani tsoho ya gaji da shirun ya ce nasa yana dako a Kano: ya gama aji huɗu, ofis bai ɗauke shi ba, fartanya kuma ta fi ƙarfin hannunsa. Wani ya ce nasa bulala ta kore shi tun shekarar farko. Wata tsohuwa daga can baya ta ce nata yana gida, ko wasiƙa ba ya iya karanta mata. In aka kira sunan da ba wanda ya san inda mai shi yake, sai wani yaro da aka ɓoye cikin rumbun ya ƙwanƙwasa daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Malam bai zagi iyaye ba, bai yabi makaranta ba. Ya bar mu muka faɗa da bakinmu cewa an kwashi 'ya'yan mutane da ƙarfi, aka riƙe su shekara huɗu, aka sake su a tsakiyar hanya.

Da ya kai ƙarshe ya rufe rajistar, ya rungume ta a ƙirji, ya ce akwai suna ɗaya da ba a taɓa rubutawa a ciki ba. Sannan ya kira, da muryar da yake kiran yara kowace safiya: "Tanko Nomau."

Duk wanda ya haura talatin a filin nan ya san sunan. Ba wanda ya motsa. Mahaifina yana gefena, ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwata. Bai matsa ba, bai kalle ni ba, ɗorawa kawai ya yi. Malam ya sake kira. Ban miƙe ba. Ya kira na uku, wannan karon idonsa a kaina, ya ce a hankali, "Ina yake yanzu?" Rumbu ya amsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni, ƙato mai mata da 'ya'ya biyu, na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Hakimi ya gyara zama ya tambayi na kusa da shi ko an gama. Malam ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya je ya buɗe rumbun ya fito da yaron, ya kakkaɓe masa riga.

Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo, an mayar da shi wata makaranta can ƙasar Doguwa, bayan dajin Falgore. An ce wasansa ya kunyata manya. Ranar da zai tafi ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya yi mini sallama kamar ba abin da ya faru, har ya ce kada in bar karatu. Da ma zagina ya yi! Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya ratsa yankin, ya tafi da shi cikin kwana uku. Da aka kawo labari kasuwar Kiru cewa Haruna Sallau ya rasu, sai da wasu suka taho gidanmu yi wa matata ta'aziyya, suka tarar da ni zaune a ƙofar gida.

Rumbun nan na laka ya yi damina uku kafin ya rushe, kuma duk tsawon lokacin ban bi ta hanyar makaranta ba. Har yau ba na hawa rumbuna da kaina, aike nake yi. In baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, sai gabana ya faɗi kafin in amsa.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Makarantarsa tana nan, iska ta yaye rabin kwanon, yara suna zaune a ƙasa, bencinan da muka zauna a kai an daɗe da yin girki da su. Yanzu ba dogari, iyaye da kansu suke kai yara. Amma ka shiga ajin ka nemi ɗan mai hali, ka ga ko za ka samu. Nasu suna makarantun kuɗi a birni, kuma kada in yi ƙarya, har da jikokina biyu. 'Ya'yan su Nomau ne dai a ajin, kamar jiya. Samarin da suka gama kuwa ga su can bakin titin Bagauda suna tallan kifi da rake, takardunsu na cikin akwati. Ina jin da ya dawo ba zai canza komai a wasansa ba. Rajista kawai zai nema, ya zaunar da mu, ya tambaye mu ina suke.

Abin da ya bari ba yawa: 'yan dattawan da har yanzu suke tuna ranar da aka zaunar da su a bencin yara, da wannan hannu nawa da ya koya wa rubutu, da ɗa guda. An haifi yaron bayan sun koma Doguwa. Yau babban mutum ne, yana aiki a Kano, yana sa hannu da sunan Sallau, yana zuwa gaishe ni duk sallah yana ce mini Baffa. Uwarsa ta rufa mana asiri har ta koma ga Allah. Na san yana karanta wannan jarida.

Ɗana, ka yafe mini da ka ji a nan, na kasa faɗa maka ido da ido. Kakanka ba Sallau ba ne. Sunansa Nomau, manomi ne, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Kabarinsa yana gabas da tsamiyar nan, in ka zo zan nuna maka tun ina iya takawa. Mahaifina ya rasu, hakimin ya rasu, ba sauran hannu a kan gwiwata.

Malam, ka kira sau uku. Tanko Nomau, na san shi. Ni ne na cikin rumbun. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Nomau.